Aikin Gida Na Ɗaliban Sakandare: Abin Da Ya Kamata Ƴan Kasuwarmu Su Sani

Duk wanda ya saba cin kasuwar Birnin Ƙwanni ranar Laraba, ko ta Maraɗi ranakun Litinin da Juma'a, ko yake tsallakawa Jibiya ranar Lahadi, ba zai rasa ganin yaro ɗan shekara 13 ko 15 zaune a bakin rumfar mahaifinsa ba, kaye a kan cinya, bik a hannu, ido ɗaya a kan lissafin da mushe ya ba shi, ɗaya idon kuma a kan mai ciniki. Da ya fara rubutu sai a ƙwala masa kira ya je ya nemo canjin jika biyar, ko ya raka ɗan dako tasha, ko ya auna wa wata baiwar Allah tiya biyu ta gero. Kafin a tashi kasuwa magariba ta yi, kayen ya sha ƙura, aikin kuwa yana nan inda aka bar shi. Washegari da sassafe sai yaron ya raɓe a bayan aji ya kwafe na abokinsa cikin minti 5, ko kuma ya shiga aji hannu rabbana ya jira abin da zai biyo baya.

A gidan rediyon al'umma da muke aiki, duk lokacin da makarantu suka raba takardun sakamako sai wayarmu ta cika da koke-koken iyaye. Akwai wani bawan Allah mai sayar da hatsi da bai tsaya ga waya ba, ya tako har wurinmu da takardar ɗansa a aljihu, ransa a ɓace, domin an ce yaron ya maimaita aji. Ya lissafa mana abin da ya kashe tun daga kaye da tufafin makaranta har kuɗin ƙungiyar iyaye, ya kuma rantse cewa yaron bai taɓa fashin zuwa lakol ba. Da muka duba takardar tare da shi sai muka ga makin babbar jarrabawa bai yi muni ba, makin ayyukan aji ne ya ja yaron ƙasa. Uban bai taɓa sanin ana lissafa wannan ba. Tambayar da ya yi mana ita ce, shin ba a makaranta ake karatun makaranta ba, me ya kawo shi gida har ya shiga lokacin taya iyaye neman abinci?

Tambaya ce mai ma'ana, kuma mun tabbata ƴan kasuwa da dama a garuruwanmu na bakin iyaka suna da irinta a zuci. Shi ya sa muka ga ya dace mu baje maganar a faifai: don me malamai suke ba da aikin gida, yaya yake shafar makin yaro a nan Nijar da kuma tsallaken iyaka, awa nawa ya kamata ya ci, kuma me ake jira daga ɗalibi da malami da iyaye.

Don me ake ba da aikin gida?

Dalili na farko shi ne bita. Darasin lissafi a kwaleji bai cika wuce awa ɗaya ko biyu ba, a ciki malami zai yi bayani, ya warware misali biyu ko uku a kan allo, ɗalibai su kwafa, a kaɗa ƙararrawa. Yaro zai fito yana jin ya gane, alhali kuwa kallo kawai ya yi. Ku ƴan kasuwa kun fi kowa sanin wannan. Babu yaron shagon da ya iya mayar da Naira zuwa Sefa don kawai ya tsaya yana kallon maigidansa yana yi. Sai an miƙa masa kuɗin a hannu, ya lissafa ya yi kure, an gyara masa, ya sake, har ya kai ga yana yi ba tare da tunani ba. Haka ɗan koyon tela, sai ya lalata ƙyallaye da yawa kafin a amince masa ya sa almakashi a shadda. Aikin gida shi ne wurin da ɗalibi yake riƙe almakashin da hannunsa.

Wani masani Bajamushe mai suna Hermann Ebbinghaus ya nuna tun a shekarar 1885 cewa abin da mutum ya koya ya fi saurin zubewa a awannin farko da ranar farko, kuma maimaitawa bayan ɗan lokaci tana rage wannan zubewar. Malamanmu na allo sun daɗe da sanin haka. Shi ya sa almajiri yake biya karatunsa da safe, ya sake biyawa da yamma, ya kuma zauna gaban wuta da dare, sannan ba a ba shi izinin wanke allo sai ya kawo hadda. Babu uban da yake ce wa malamin allo don me yaro zai yi tilawa a gida. To, aikin gidan boko tilawar ce, da wani suna.

Dalili na biyu shi ne malami ya gane inda ɗalibansa suke tuntuɓe. Ɗan kasuwar da ba ya duba littafin bashinsa bai san inda jarinsa yake yoyo ba. Kayen ɗalibi shi ne littafin bashin malami. Idan ya ga ɗalibai 30 sun faɗi a tambaya guda, ya san darasin nan bai shiga ba, sai ya koma kansa kafin ya wuce gaba. Saboda haka kuskuren da yaro ya yi da kansa yana da amfani ga malami fiye da amsar daidai da wani ya rubuta masa.

Dalili na uku shi ne yaro ya koyi zama shi kaɗai da aiki. A firamare malami ɗaya ne yake tare da shi tun safe har a tashi, ya san halinsa, yana binsa sau da ƙafa. Da ya shiga sakandare sai ya tarar da malamai kusan goma, kowa da darasinsa, kowa ya gama awarsa ya fita. Babu mai tsaya masa a kai. Ranar babbar jarrabawa kuwa daga shi sai takardarsa, ba uba, ba wa, ba aboki. Yaron da bai saba kokawa da tambaya shi kaɗai a gida ba, ranar nan ce zai fara, kuma Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya.

Akwai kuma dalili na huɗu da ya shafe mu musamman, wato harshe. A gida da kasuwa da masallaci Hausa muke yi. A shekarar 2025 sabon kundin tafiyar da mulkin Nijar ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi kuma harsunan aiki, amma dai yawancin darussan kwaleji da lise da Faransanci ake koyar da su, kamar yadda ake koyar da na Nijeriya da Ingilishi. Yaron da ya baro aji da rana, in bai buɗe kaye a gida ba, ba zai sake haɗuwa da harshen da za a yi masa jarrabawa da shi ba sai gobe.

Yadda yake shiga lissafin maki

A nan ne iyaye da yawa suke shan mamaki, musamman da yake gidaje da dama a bakin iyaka suna da ƴaƴa a ɓangarorin biyu, wani yana CEG a Ɗan Isa ko Matamaye, ɗan uwansa yana sakandare a Jibiya ko Daura, kuma tsarin ba ɗaya ba ne.

A Nijar, bayan shekara 6 na firamare, yaro yana yin shekara 4 a kwaleji, daga ajin sizyam zuwa turwazyam, inda zai zauna jarrabawar BEPC da muke kira birebe. Daga nan sai shekara 3 a lise, a rufe da jarrabawar BAC. Ana ba da maki a kan 20, kuma 10 ita ce iyakar da ake so yaro ya kai a matsakaicin makinsa, wato muwayan. Wannan matsakaicin ba daga babbar jarrabawar zango kaɗai yake fitowa ba. Ana haɗa shi da makin ƙananan gwaje-gwajen da malami yake yi a aji, antero da dabuwar. Antero yakan zo ba sanarwa, kuma abin da yake tambaya shi ne darasin da aka ce yaro ya karanta a gida. Tambayoyin dabuwar kuwa ƴan uwan waɗanda aka ba shi ya gwada a gida ne, wani lokaci lambobin kawai ake canzawa. Wasu malaman ma suna karɓar aikin gidan kansa su sa masa maki.

Bari mu yi lissafin a fili. A ce yaro ya samu 12 a babbar jarrabawa, amma matsakaicin ayyukan ajinsa 5 ne saboda ba ya bita. Inda aka ba su nauyi ɗaya, 12 da 5 sun zama 17, a raba biyu ya tashi da 8 da rabi. Ya faɗi ke nan, duk da ya ci babbar jarrabawar. Kuma darussa irin su lissafi da Faransanci nauyinsu ya fi na sauran, don haka faɗuwa a cikinsu tana jan komai ƙasa. Ƙarshen abin shi ne maimaita aji, in kuwa makin ya yi ƙasa ƙwarai ko an riga an maimaita, sai kora. Masu hulɗa da Kamaru da Chadi za su tarar da irin wannan lissafin na maki 20 a makarantun da ke bin tsarin Faransanci a can.

A Nijeriya kuwa sakandare shekara 6 ce, 3 a ƙaramar sakandare da ake rufewa da jarrabawar BECE, 3 a babba da ake rufewa da ta hukumar WAEC da aka kafa a 1952, ko ta NECO da aka kafa a 1999. Maki a kan 100 ne. A kowane zango akan ware 30 ko 40 daga ciki ga abin da ake kira C.A., wato gwajin yau da kullum, wanda ya ƙunshi ƙananan jarrabawa da aikin gida da duba littafin rubutu. Idan makaranta ta ware 40, yaro ya tashi da 10 kawai, to sai ya ci 40 cikin 60 da suka rage kafin ya kai 50 da yawancin makarantu suke ɗauka a matsayin kiredit. Ashe ya shiga ɗakin jarrabawa da bashi a wuyansa tun kafin a raba takarda.

Awa nawa ya isa?

Wasu iyaye suna kukan aikin ya yi yawa, wasu kuma, musamman masu biyan kuɗin makarantun kuɗi, suna ganin makarantar da ba ta jibga wa yaro aiki ba ta san abin da take yi ba. Wannan gardama ba a kanmu aka fara ta ba. Jihar Kalifoniya ta Amurka ta taɓa kafa doka a 1901 da ta hana ba yara ƴan ƙasa da shekara 15 aikin gida, daga baya aka soke ta. Faransa, wadda muka gaji tsarin makarantunmu daga gare ta, ta hana ba ƴan firamare aikin rubutu na gida tun a 1956, amma ba ta hana a sakandare ba. Ƙasar Sin kuma a 2021 ta ƙayyade cewa aikin rubutun ƴan ƙaramar sakandare kada ya wuce minti 90 a rana.

Wani farfesa a Jami'ar Duke ta Amurka, Harris Cooper, shi da abokan aikinsa sun tattara binciken shekaru masu yawa suka fitar da sakamako a 2006. Abin da suka gano shi ne amfanin aikin gida ga makin ƴan firamare kaɗan ne, amma a sakandare yana fitowa fili. Sun kuma lura cewa amfanin yana da iyaka, idan aikin ya zarce kima sai gajiya ta cinye ribar. Ma'aunin da malamai da yawa a can suke bi shi ne minti 10 ga kowace shekarar karatu. Idan muka auna da namu, ɗan sizyam ko ɗan aji ɗaya na ƙaramar sakandare yana shekararsa ta 7 ke nan, don haka minti 70 ne rabonsa. Ɗan turwazyam mai shirin birebe minti 100, ɗan ajin ƙarshe kuma awa 2 ko ɗan sama da haka. Wannan jimillar dukkan darussa ce, ba ta kowane malami ba.

Haka nan a binciken PISA na 2012 da ƙungiyar OECD ta gudanar a kan yara ƴan shekara 15, an samu cewa matsakaicin lokacin aikin gida a ƙasashen ƙungiyar kusan awa 5 ne a mako. Yaran birnin Shanghai na Sin suna yin kusan awa 14, na ƙasar Finland ba su kai awa 3 ba, kuma duka biyun suna cikin masu ƙoƙari. Nijar da Nijeriya ba sa cikin wannan binciken, amma darasin ya shafe mu: yawan awanni kaɗai ba shi ne karatu ba. Abin lura ga ɗan kasuwa shi ne ba wuni guda makaranta take roƙo ba. Awa ɗaya zuwa biyu ce a rana, amma ta kasance kullum, cikin natsuwa, ba a yanka ta da aike.

Abubuwan da suke cinye wannan awa

Na farko ita ce ranar kasuwa. Ba mu ce a raba yaro da sana'ar gidansu ba, domin sana'a gado ce, kuma da yawa daga cikin ɗalibanmu da ribar rumfar nan ake saya musu kaye. Sai dai kasuwar Ƙwanni ranar Laraba take ci, ta Maigatari da ta Damagaram ranar Alhamis, duk ranakun makaranta ne. Ga kuma jajibirin kasuwa da ake kwana ana sauke kaya. Ko kasuwar Lahadi irin ta Jibiya, da ba ta hana zuwa aji, tana cinye ranar da malamai suka fi ɗora wa dogon aiki. Yaron da yake rasa kwana biyu a kowane mako, a ƙarshen wata ya rasa kwana 8.

Na biyu ya shafi ƴaƴa mata, kuma nasu ya fi nauyi. Yarinya za ta dawo daga makaranta ta ɗauki talla, ta dawo ta ɗebo ruwa, ta hura wuta, ta yi wanke-wanke, ta goyi ƙane, sannan ta tafi Islamiyya. Ɗan uwanta namiji yana iya samun wuri a zaure ya buɗe littafi, ita kuwa sai kowa ya kwanta, lokacin ido ya riga ya yi nauyi. Idan sakamako ya fito da rauni sai a ce ai ba ta da kan boko, gara a yi mata aure, alhali lokaci ne ba a ba ta ba.

Na uku shi ne haske. Mu da muke bakin iyaka ba za mu manta da abin da ya biyo bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 ba, lokacin da aka rufe iyaka, Nijeriya kuma ta katse wutar lantarkin da Nijar take samun kusan kashi 70 cikin 100 na buƙatarta daga gare ta, ba a mayar ba sai a watan Maris na 2024. A watannin nan mun ga ɗalibai suna karatu da tocilar waya, wasu suna taruwa ƙarƙashin fitilun sola na bakin titi. A ƙauyuka da yawa kuwa wannan shi ne halin yau da kullum tun kafin rikicin.

Zanen aro ba ya rufe katara

Akwai wata illa da take ɓoye, wadda iyaye masu kyakkyawar niyya suke jawowa ba su sani ba. Uba zai ga aikin ya gagari yaro sai ya ce wansa ya yi masa, ko ya ɗauki malamin da zai riƙa zuwa gida ana biyansa duk wata, shi kuma don a ga aikinsa sai ya riƙa rubuta amsa yaro yana kwafa. Kaye zai cika da jan bik na yabo, ranar jarrabawa kuma asiri ya tonu.

Yanzu kuma ga wayar salula. Tun da manhajar ChatGPT ta fito a watan Nuwamban 2022, ita da ire-irenta, yaro yana iya ɗaukar hoton tambaya ya samu amsa cikin daƙiƙa kaɗan, da Faransanci ko Ingilishin da ya fi na malaminsa tsabta. Wayar tana iya zama alheri idan yaro ya gwada da kansa tukuna, sannan ya nemi bayanin inda ya kakare. Amma idan kwafa kawai yake yi, daidai yake da ɗan kasuwar da ya cika gaban shagonsa da kwalayen da babu komai a ciki. Mai wucewa zai ce jari ya ƙaru, shi kuwa ya san gaskiya. Kuma malami ya rasa hanyar gane inda yaron yake da rauni, balle ya taimake shi.

Haƙƙin da ke kan malamai

Ba za mu ɗora wa iyaye laifi duka ba. Kukan da ɗalibai suka fi kawo mana shi ne a ba su aiki, su hana idonsu barci, sannan a ƙi dubawa. Aikin da ba a duba ba kamar bashin da ba a bi ba ne, gobe ba wanda zai damu da biya. Mun san halin da malamai suke ciki. A ce malami yana da aji 4, kowane aji da ɗalibi 70, kaye 280 ke nan. In ya ba kowane kaye minti 3, ya ci minti 840, wato awa 14 a kan aiki guda. Ba mai iya wannan kullum. Amma akwai dabara. Yana iya ba da tambaya 3 masu ma'ana maimakon 20, ya zagaya aji ya ga wanda ya yi da wanda bai yi ba, a warware a kan allo kowa ya gyara nasa, sannan ya riƙa karɓar kaye 10 ko 15 bi da bi yana dubawa da kyau.

Haka kuma ya kamata malaman aji ɗaya su riƙa tuntuɓar juna, kada na lissafi da na kimiyya da na tarihi su haɗu su jibga aiki a dare guda. Su san ranar kasuwar garin da suke koyarwa, su ba da wa'adin da ya tsallake ta. Kada a ba da aikin da sai an shiga intanet ko an biya kuɗin buga takarda, alhali rabin ajin ba su da halin haka, domin a nan aljihun uba aka auna, ba ƙwaƙwalwar ɗa ba. Sannan a daina mayar da aikin gida bulala, irin a ce yaro ya rubuta jimla guda sau 200 don ya yi surutu. Wanda aka saba yi wa horo da rubutu, da wuya ya ƙaunaci rubutu.

Abin da uba da uwa za su iya, ko ba su yi boko ba

Da yawa daga cikin masu kiranmu suna cewa su ba su san ko bihim da Faransanci ba, ta yaya za su taimaka? Amsar ita ce makaranta ba ta jiran ku warware lissafi. Ga abin da take jira.

Na farko, ku yanke wa yaro lokaci sananne, ko bayan la'asar, ko bayan isha'i, ko bayan sallar asuba kafin a karya, gwargwadon yadda gidanku yake tafiya da lokacin Islamiyya. A sanar da kowa a gida cewa a wannan awa ba a aikensa. A yi wa ƴa mace daidai yadda aka yi wa ɗa namiji, ko da sai an rage mata talla ko an raba aikin tsakar gida da sauran yara.

Na biyu, wuri da haske. Tabarma a zaure ko a kusurwar ɗaki nesa da talabijin ta wadatar. Ƙaramar fitilar sola, irin wadda wasunku ma suke sayarwa a rumfunansu, kuɗinta bai kai asarar maimaita aji na shekara guda ba.

Na uku, ku nemi ganin kayen. Ko ba ku iya karantawa ba, kuna gane kwanan wata, kuna gane lamba, kuna gane jan bik ɗin malami. Wanda yake lissafin Naira da Sefa a ka ba zai kasa bambance 6 cikin 20 da 14 cikin 20 ba. In mako biyu suka wuce babu sabon rubutu ko babu hannun malami, akwai magana.

Na huɗu, ku sa yaro ya yi muku bayani da Hausa. Ku ce masa, “Zo nan ɗana, gaya mini abin da mushe ya koya muku yau.” Wanda ya fahimta zai iya faɗa da harshen gida, wanda ya kwafa kuwa zai tsaya inda-inda. Wannan gwaji ne da ba ya buƙatar boko, kuma shi kansa bita ne ga yaron.

Na biyar, ku taka ƙafa zuwa makaranta ko sau ɗaya a zango, tun kafin takardar sakamako ta fito. Ku gaisa da malami, ku gaya masa ranakun da kuke buƙatar yaro a kasuwa, ku ji abin da shi ma zai ce. Uban da zai bi bashin jika 10 har Kano bai kamata tafiyar minti 10 zuwa makarantar ɗansa ta gagare shi ba.

Ku kuma ɗalibai, abin da ake jira daga gare ku shi ne ku rubuta aikin da aka ba ku da ranar da za a karɓa tun kuna aji, ku fara da mai wuya tun kai yana sabo, ku gwada ko da za ku yi kure, in ya gagara ku sa alama ku tambayi malami gobe. Rukunin karatu da kuke kafawa da allo a ƙofar gida abu ne mai kyau, muddin kowa yana riƙe alli, ba mutum ɗaya yana yi saura suna kwafa ba.

Kira ga shugabannin kasuwa

Akwai yaran da duk yadda iyayensu suka so, gidan ba shi da wuri ko haske. Faransa ta fuskanci irin wannan, shi ya sa tun 2017 ta fito da shirin da ƴan kwaleji suke zama a makaranta bayan darasi su yi aikinsu a gaban wani babba da zai taimaka musu. Mu ba sai mun jira gwamnati ba. Muna da kwamitocin COGES da ƙungiyoyin iyaye a wannan ɓangare, akwai PTA a tsallake. Ƙungiyoyin ƴan kasuwa da suke iya tara kuɗin gyaran rumfuna da biyan masu gadi, ba zai gagare su sa fitilar sola a aji guda na makarantar garinsu ba, a samu malami ɗaya ko ɗaliban lise su riƙa zama da ƙananan na awa ɗaya da yamma. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Kasuwar yau ba irin ta iyayenmu ba ce. Takardun kwastan da na banki, da turo kuɗi ta waya, da odar kaya daga Kwatano ko Dubai ko Sin, duk suna neman wanda ya iya karatu da lissafi a rubuce. Yaron da kuka ba awa ɗaya yau, shi ne gobe zai karanta muku takardar da yanzu kuke biyan wani ya karanta. Shi kuwa mai hatsin da ya kawo mana kuka, mun rabu da shi a kan zai ɗauke wa ɗansa zaman rumfa na bayan la'asar in ba ranar kasuwa ba, zai kuma je ya ga malaminsa. Muna fatan sauran ƴan uwansa ƴan kasuwa za su yi haka tun takarda ba ta iso su ba. Allah ya yi wa ƴaƴanmu albarka, ya ba su ilimi mai amfani, ya kuma sa albarka a kasuwanninmu, amin.